Gargaɗi ga Masu Hilux da A-kori-kura: Manyan Tayoyin Gayu na Iya Kifar da Ku a Hanyar Tsafe da Bunguɗu

Wannan gargaɗi ne ga duk mai Hilux, ko L200, ko Ranger, ko wata a-kori-kura da ke zirga-zirga tsakanin Tsafe, Gusau da Bunguɗu, da direbobin da ke tuƙa su, da masu faci da kanikawan da ke taɓa ƙafafunsu. Duk wanda ya cire tayoyin da motarsa ta zo da su ya ɗaura waɗanda suka fi su girma, ko yake shirin yin haka, ya dakata ya karanta wannan kafin ya sake ɗora buhu ko mutum a bayan motar. Yayin da ake yi yanzu na manyan tayoyi masu ƙaya-ƙaya da faffaɗan wili mai walƙiya da ke leƙowa waje da jikin mota yana canja yadda mota ke tsayawa, da yadda take shan kwana, har da gaskiyar abin da maleji ke nunawa. Yawancin masu yin sa ba wanda ya taɓa yi musu wannan bayani, domin mai sayarwa ciniki yake nema, mai faci kuma abin da aka kawo masa shi yake ɗaurawa.

A buɗe ƙofar direba, a duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa. Akwai 'yar takarda manne a wurin, tana ɗauke da lambar tayar da kamfani ya ƙera motar a kanta, da awon iskar da za a sa mata idan babu kaya da kuma idan an yi lodi. Birki, giya, sitiyari, sifirin da maleji duk a kan wannan lambar aka yi lissafinsu. Hilux da yawa suna zuwa da 265/65R17. Lambar farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu tana nuna tsayin gefenta, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, ta ƙarshe kuwa girman wili ne a inci. Idan aka haɗa lissafin, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya kusa santimita 78. Masu son gayu sukan tsallaka zuwa 285/70R17, wadda tsayinta ya kai santimita 83. Bambancin kashi 7 cikin 100 ke nan, kuma a nan matsala ta fara.

Maleji zagayen taya yake ƙirgawa, bai san an canja masa taya ba. Babbar taya tana cin ƙasa fiye da ƙarama a kowane zagaye, saboda haka a lambar da direba ya saba ganin 100, yanzu gudun motar ya kusa 107. Idan allura ta taɓa 120, ya haura 128. Kuma kowa ya san yadda ake gudu a hanyar nan. Daga 'Yankara zuwa Tsafe, daga Tsafe zuwa Kwatarkwashi, babu direban da ke son yamma ta yi masa a daji, saboda fargabar 'yan bindiga. Mutane suna taka mota ne don tsira da rai, ban ga laifin mai jin tsoro ba. Sai dai wanda yake gudu irin wannan shi ya fi kowa bukatar birkin da zai kama da tayar da ba za ta fashe ba. Nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ya ƙaru: ƙarin kashi 7 na gudu yana jawo ƙarin kusan kashi 14 na nisan tsayawa. A kan wannan kuma sai a ɗora raunin birkin kansa, domin birkin da aka auna don riƙe ƙaramar taya yanzu yana kokawa da wadda ta fi tsawo, ta fi nauyi. Ranar kasuwa a Tsafe, inda babura da amalanke da yara masu talla ke ketare kwalta, 'yan takun nan da suka ƙaru su ne tsakanin tsayawa da take mutum. Sababbin motoci masu na'urar hana taya ƙullewa da na'urar hana zamewa ma, kwamfutarsu da tsohuwar lambar take aiki.

Sannan ga tsayi. A-kori-kura dama ta fi ƙaramar mota saurin kifewa, don nauyinta yana sama. An ƙara mata babbar taya, tayar ta fara gugar jiki, sai a je wurin bakanike ya ɗaga motar, ko da ƙarin ganyen sifirin, ko da guntun ƙarfe da aka yanka a gareji aka cusa tsakanin sifirin da aksul. Daga nan a jibga buhunan masara ko waken suya har su wuce kan direba, a ɗora mutane a saman buhunan. Motar da ke cikin wannan hali ba ta yafe kuskure. Direba ya kauce wa rami ko saniya da gaggawa, ko tayar gefe ta sauka daga bakin kwalta ya fizgo sitiyari, shi ke nan ta tafi. Waɗanda ke baya ba su da bel, ba su da rufi. Su ne ake kwasa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, alhali ba su ne suka zaɓi tayar ba.

An ga irin wannan a ƙasar da ta fi mu hanyoyi masu kyau. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan da aka yi ta samun fatar tayar tana ɓarewa ana cikin gudu, motocin Ford Explorer masu tsayi suna wuntsilawa. Hukumomin ƙasar sun danganta mutuwar fiye da mutum 200 da lamarin. Ya fi ƙamari a jihohin kudu masu zafi, kuma tun kafin ya fito fili a Amurka an riga an fara canja irin waɗannan tayoyi a Saudiyya. Abubuwan da suka haɗu su ne zafi, da ƙarancin iska a taya, da dogon gudu, da mota mai tsayi. Duk huɗun muna da su a Zamfara daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Kuma waɗancan tayoyi ba gwanjo ba ne, yawancinsu da su motocin suka fito daga kamfani.

Namu fa? Babbar taya sabuwa kuɗi ne masu yawa, guda huɗu kuma sai mai hali. Don haka mai son gayu da ƙaramin aljihu gwanjo yake nufa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008, kusan duk tayar da muke hawa shigo da ita ake yi. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, amma ga su nan jibge a kasuwanni, an wanke su an shafa musu baƙi suna sheƙi. Zanen taya na iya zama da zurfi alhali robar ta mutu. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana wa'azin cewa kada a wuce shekara huɗu daga ranar ƙira. Duk tayar da ka ga an kankare wannan lamba ko an sake buga ta, bar ta a wurin, mai ita ya san abin da yake ɓoyewa.

A cikin gwanjon akwai waɗanda ke da hoton dutse mai kawuna uku da alamar ƙanƙara a ciki. Yawancinsu an yi su ne don sanyin Turai da Kanada, robarsu mai laushi ce, kwaltar bazara tana cinye ta, riƙonta kuma yana raguwa a zafi. Zanensu mai yawa yana ruɗar mai saye, ya ɗauka tayar daji ce. Har sababbin ma a yi hattara. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu a kwantena don rage kuɗin dako, kuma wannan cusawa tana lanƙwasa wayoyin ƙarfen da ke bakin taya. Idan bakin ya karkace ko ya yi lanƙwasa, ko da takardar kamfani na manne a jiki, ba ta da amfani.

Wani yayin kuma shi ne na wili mai inci 20 ko 22 da siririyar taya. Wannan a ganina ya fi na farko rashin hankali a irin hanyoyinmu. Tayar 265/65R17 gefenta ya kai santimita 17, na 265/50R20 kuwa 13 ne kacal. Wannan gefen shi ke shanye dukan rami. Idan ya gajarta, bakin rami yana matse roba a jikin wili, zaren ciki ya tsinke, sai ka ga ƙululu ya fito a gefen taya. Ƙululun nan ba ya faci, ba ya warkewa, ranar fashewarsa kawai ake jira. Wilin ƙarfe idan ya bugu yakan lotsa, a daddaka shi ya kai ka gida. Wilin alminiyam tsagewa yake yi, wanda aka kai wa mai walda ya like kuma zai sake buɗewa a inda ba a so. Irin wannan wili an yi shi ne don titunan Dubai, ba don hanyar Magami zuwa Ɗansadau ko burjin ƙauyukan Bunguɗu da damina ba.

Girman taya kuma ba shi ne ƙarfinta ba, nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, kamar 112S. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 112 na nufin kilo 1,120, 110 na nufin kilo 1,060, 100 kuwa kilo 800 ne kawai. Harafin shi ne iyakar gudu. Za ka iya samun taya ƙatuwa mai ban sha'awa wadda aka cire daga motar shiga ta alfarma, lambar nauyinta ba ta kai ta siririyar 205R16C da ake rainawa ba. Harafin C ko LT a jikin taya shi ke nuna an yi ta don ɗaukar kaya. Hilux gaba ɗaya abin da aka yarda ta ɗauka kusan tan ɗaya ne, har da direba da mutanen ciki, wato buhu goma na masara ya riga ya kai ta iyaka. A lokacin kaka ana ɗora mata ninkin haka, kuma mafi yawan nauyin a kan tayoyin baya biyu yake sauka. Taya mai ƙaramar lamba a ƙarƙashin wannan lodi zafi take ɗauka daga ciki har ta rabu.

Yanzu ga inda nake son kanikawa da masu faci su saurara da kyau, domin a hannunsu abin yake. Hilux mai noti shida, da L200, da Ranger, da D-Max, duk tazarar hujojinsu ɗaya ce, milimita 139.7, shi ya sa ake cewa ai duk ɗaya ne. Amma ramin tsakiya ya bambanta: na Hilux ya kai milimita 106, na Ranger 93, na L200 kuwa 67. Wilin da ramin tsakiyarsa ya yi wa mota yawa ba ya zama daram, sai ka ji sitiyari na rawa, ƙusoshin ƙafa suna shan wahalar da ba tasu ba. Wasu Navara tazararsu ma daban ce, Land Cruiser ta ɗaukar kaya ta zamani kuma noti biyar gare ta. Kada wanda ya yarda a goge masa hujin wili da magagari don ya shiga. Shi ma noti iri-iri ne. Wilin alminiyam na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wasa, na ƙarfe da yawancin na kasuwa kuwa mai tsukakken baki suke so. Aka sa wannan a wurin wancan, zai yi kamar ya ɗauru, ya kwance a hanya.

Faifan da ake sawa a bayan wili don taya ta fito waje shi ne mafi haɗari a cikin kayan gayun nan. Yana cinye tsawon ƙusa, ya bar wa noti zare kaɗan. Ƙusar Hilux kaurinta milimita 12 ne, kuma ƙa'ida ita ce noti ya kama aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar, wato zagaye takwas cikakku. Ƙirga da hannunka. Idan ya tsaya a huɗu ko biyar, ƙafar nan tana iya barin motar tana cikin gudu. Ko da ba ta fita ba, tayar da ta leƙo waje tana matsa wa boris da haɗin sitiyari, ka yi ta canja su ba ka san dalili ba. Idan aka yi lodi aka faɗa rami kuma, bakin madigadi yakan sauko ya yanki taya. A ɗaure noti ɗaya nan ɗaya can a gicciye, ba a jere ba, kada a shafa wa ƙusa mai, kada yaron shago ya sa dogon bututu ya hau kai yana tsalle, don ƙusar da aka ja fiye da kima ta riga ta fara tsinkewa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake gwada kowane noti.

Masu faci, ku ma rayukanku na ciki. Zuba fetur a cikin faffaɗar taya a kunna wuta don bakinta ya hau wili ganganci ne. Taya mai inci 16 ba ta hawa wili mai 16.5, tilasta ta da iska fashewa ne a fuskar mai aiki. Wili mai zobe irin na Land Cruiser da manyan motoci, idan zoben bai zauna ba, yana tashi da ƙarfin da zai kashe mutum nan take. Kada ku tsaya a kansa lokacin bugun iska. Lambar iska da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ce awon da mota ke so ba. Kuma a daina auna iska da dukan ƙarfe ko matsawa da yatsa. A sa geji, da safe, kafin taya ta yi zafi.

Akwai batun safaya, wanda kusan kowa ke mantawa. Mutum ya sayi manya huɗu, ya bar tsohuwar ƙarama a ƙarƙashin mota, sau da yawa ma don babbar ba ta shiga wurin. Ranar da ya yi faci sai ya haɗa babba da ƙarama a aksul ɗaya, motar ta riƙa ja gefe, birki ya kama ba daidai ba, idan kuma ya sa giyar ƙafa huɗu a kan kwalta ya jawo wa kansa ɓarnar da ta fi kuɗin tayoyin. Wanda ya ɗaga mota kuma ya gwada jak ɗinsa a gida, domin jak ɗin kamfani na iya ƙarewa taya ba ta bar ƙasa ba. Tsakanin Wanzamai da Magazu ba wurin gano wannan ba ne.

Na san abin da manomi ko ɗan kasuwar ƙauye zai ce: hanyarmu ba kwalta ba ce, da damina cikin mota na dukan ƙasa, dole a ƙara tsayi. Wannan hujja ce ta gaskiya, ba ta gayu ba, kuma tana da amsa. Tsayin da mota ke samu rabin ƙarin tsayin taya ne kawai. Duk wahalar 285/70R17 abin da take ƙara wa cikin mota bai kai santimita 3 ba, faɗin yatsu biyu. A kan yatsu biyun nan ake biyan ƙarin man fetur a wannan zamani da aka cire tallafi tun 2023, mota ta yi nauyin tashi, kuloci ya ƙone da wuri, maleji ya riƙa rage kilomita har lokacin juyen mai ya wuce ba a sani ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wanda lallai yake bukata ya hau mataki ɗaya, kamar daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, wanda bambancinsa kashi 3 da 'yan kai ne, a kan wilin da motar ta zo da shi. Ya sayi biyar iri ɗaya sababbi, lambar nauyinsu ta kai ta asali ko ta fi. Bayan ɗaurawa a yi balansi da saitin ƙafa, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, da lodi a baya, a tabbatar babu inda taya ke taɓa jiki ko tiyon birki. A gwada maleji da manhajar auna gudu ta waya a san gaskiyarsa. A taɓo kuwa faɗi ba ya taimako kamar yadda ake zato, zane mai kyau da direba mai natsuwa sun fi shi. Tayar taɓo mai manyan ƙaya kuma riƙonta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na tayar hanya ba, duk wanda ya ɗaura ta ya rage gudu idan hadari ya sauko.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, rai na hannun Allah. Amma malamanmu ba su taɓa cewa tawakkali ya ɗauke wa mutum ɗaukar mataki ba, kuma wanda ya ɗauki ran wani a bayan motarsa amana ya ɗauka.

Alhaji mai mota, idan direbanka ya ce maka motar ta canja hali tun da aka sa sababbin tayoyin nan, tana lilo ko birki ya yi nisa, kada ka ce masa raki ne, shi ke riƙe da sitiyarin. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke da ayarin Hilux, musamman masu ɗaukar jami'an tsaro a baya, su sa a duba lambar ƙira da lambar nauyin kowace taya kafin a biya ɗan kwangila. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Gusau, Tsafe da Bunguɗu su hana lodi ga duk motar da tayarta ke da ƙululu, ko tsaga a gefe, ko noti da bai cika ba. Jami'an kiyaye haɗura da na ZAROTA su riƙa sunkuyawa suna duba ƙafar mota, kada binciken ya tsaya a takardu. Wanda ya tarar da haɗari a hanya ya kira lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura, 122.

Kai kuma fasinja, kafin ka hau bayan a-kori-kura ka zagaya ta sau ɗaya. Idan ka ga tayoyi sun fito waje da jiki, ko girmansu ya bambanta, ko buhuna sun wuce kan direba, ka haƙura ka jira ta gaba.